Rumfar Ƙarshe

A layin karɓar magani Malama ta ji maganar, daga bakin wasu mata biyu da ba su san tana bayansu ba. Wai rumfar ƙarshe da Mai Rumfa ya yi kafin ya rasu, ta gidan 'yarsa, ko akuya ba ta yarda ta kwanta a ciki. Wai kansa ya riga ya juye, iyalinsa ne suka rufa asiri.

Shekara talatin da biyar tana koyar da lissafi, ba ta taɓa karɓar amsa ba sai an nuna mata hanya, balle a kan mijinta. A garin da gumi ke keto wa mutum tun yana cikin wanka, tufa ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba, shi ake nema ya tsara wa mutane wurin shan iska. Ya ɗaga rufi, ya zuba tsakuwa maimakon siminti don ruwa ya nutse, ya bar gefen da iska ke fitowa a buɗe. Yakan ce iska baƙuwa ce mai zuciya, in ba ta hango ƙofar fita ba, ba ta shigowa.

Ita dai ba ta taɓa ganin rumfar ba. Lokacin da yake yin ta tana kwance da aikin gwiwa, bayan rasuwarsa kuma ta kasa zuwa. Ta biya gida ta ɗauki gwangwanin zarensa, ta hau bas.

'Yar ta tarbe ta da murnar da ta yi yawa. Surukin ya durƙusa ya gaishe ta, yana ta kame-kame, har ya kai ga cewa ranar Asabar za a sauke rumfar, gara ta cinye ta. Malama ta bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da sandarta.

"Garar gidanku akwai kunya," ta ce. "Ta ci katako ba ta bar ko gari ba."

Surukin ya sunkuyar da kai.

Ta yi yadda ta sha ganin mijinta yana yi. Ta kafa sanduna huɗu a cikin rumfar, ɗaya a waje bayan bangon bulo, ta ɗaura wa kowacce zare, ta zauna a benci tana jiran ƙarfe huɗu, lokacin da iska ke tashi. Bencin ya yi fumfuna, bangon ya yi gansakuka. Kafin rabin awa rigarta ta manne mata a baya. Huɗu ta yi, ta leƙa: zaren waje yana ta rawa, na ciki huɗun suna rataye kamar an zana su. Bangon ya tsaya daidai inda iska ke fitowa.

Ta ce a ranta ko magina ne suka juya masa zane. Tana cikin neman wanda za ta ɗora wa laifi ta ga bokiti a kusurwa, cike da ruwan sama. Ta ɗaga kai. An yanke kwanon rufin, zagayayyen rami, an naɗe bakinsa tsaf don kada ya yanki wani abu. Wannan hannunsa ne, ba na magini ba.

'Yar tana tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Na tambaye shi, Umma. Ya ce na mangwaro ne, kada rufi ya shaƙe shi. Ba mu da mangwaro a gidan nan." Ta share ido da gefen mayafi. "A ranar, da sunanki ya yi ta kirana."

Malama ta tashi ta je bakin ƙofar, ta taka zuwa benci tana ƙirgawa. Taku bakwai. Daga benci zuwa ramin, uku. Ta san lissafin nan. Tazarar ƙofa da benci da mangwaron gidan hayarsu na farko ce, inda ta haifi yarinyar nan, inda yakan jingina da mangwaron yana yi mata tsiya wai jan bironta ya fi bulala zafi. Ta tuna makullin da ta tsinta a cikin firji, da ranar da ya tsaya a bakin titinsu yana tambayar hanya. Duk ta ce gajiya ce, har ta yi wa likita gardama.

Surukin ya ce in tana so a bar rumfar, sai a bar ta. Ta kwance zaren ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe, ta mayar cikin gwangwani, ta ce su sauke, amma a ajiye mata kwanon mai rami.

Matan layin magani ba su yi ƙarya ba. Rumfar ba ta shan iska. Iskar tsohon gidansu ya auna mata, gidan da aka rushe shekara ashirin da suka wuce.