Takarda a Duron Sarkin Shara

"Desmond, kar ka manna masa takardar nan!"

Da silifa ɗaya na sauko daga matakalar gidana, amma kafin in kai bakin titi ya riga ya manna. Ga ta nan ruwan ɗorawa a murfin koren duron sharar maƙwabcina Wendell Purdy, irin wadda ake manna wa wanda ya zuba abin da ba ya ruɓewa a cikin sharar da za a mayar taki.

"Anti Lorna, ni ma ban so ba," in ji Desmond, mai kwashe mana ragowar abinci da ganye kowace Talata. "Leƙa ki gani. Idan na juye wannan a mota, na ɓata kayan layin nan gaba ɗaya."

Na leƙa. Busasshen ganye ne a sama, an baza shi kamar ana rufe wani abu. A ƙarƙashinsa robobin abinci ne guda bakwai, ko murfinsu ba a buɗe ba. Kowace da rubutun Corinne, 'yarsa: Laraba, miyar kifi da dankali. Alhamis, wake.

Shekara sha biyu ke nan da aka raba mana koren duro, kuma duk layinmu Sarkin Shara muke kiran Wendell. Mutumin da ke ɓare ɗan tambarin ledar da ake manna wa ayaba kafin ya jefa ɓawon. Ƙayar kifi ma sai ya naɗe ta a jarida ya sa a firiza har ranar kwasa, don kada ta yi tsutsa. Ya taɓa buga min ƙofa da sassafe a kan zaren roba ɗaya da ya gani a durona. In faɗi gaskiya, haushinsa nake ji. Amma tun da ƙafa ta fara ba shi matsala ni ke turo masa duron, kuma da safen ranar na ji nauyinsa amma ban leƙa ciki ba.

Ƙarfe tara da kwata. Corinne kuwa ƙarfe goma take zuwa da abincin mako.

Na same shi a kicin yana zaune da rigar sanyi biyu, ga kofin shayi a gabansa ya huce. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Yaushe ya rame haka ban lura ba?

"An manna maka takarda," na ce.

"Na gani ta taga."

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Ke likita ce?"

"Wendell."

Ya juya kofin a kan tebur. "Ba ya wucewa. Nan yake tsayawa." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Mako uku ina juyewa a duro in wanke mata robobinta. Jiya na zo buɗe robobin makon nan, yatsuna suka ƙi."

"To mu tafi asibiti."

"Na je tun bazara. Sun faɗa min abin da za su faɗa, ciwon ba na warkewa ba ne." Ya ɗago ya dube ni. "Idan yarinyar nan ta sani, kafin Juma'a ina gidan tsofaffi. Ta riga ta cike takardun, sa hannuna kawai take jira. A ɗakin can Hazel ta cika, Lorna. Ba inda za ni."

Hazel matarsa ce. Ni na riƙe mata hannu ranar da ta rasu.

"Ki ɓare takardar, ki juye abincin a duronki, ki wanke robobin. Minti goma ne," in ji shi.

"Durona an riga an kwashe."

"To zai jira Talata mai zuwa. Ki shimfiɗa jarida a ƙasa tukuna."

Ka ji mutum. Yana mutuwa, yana koya min shimfiɗa jarida.

Na yi abin da ya ce, kuma har yau ban san ko don tausayi ne ko don tsoron idonsa ba. Na ja duron nasa zuwa gefen gidana, na durƙusa ina buɗe roba ɗaya bayan ɗaya. Miya na zuba a silifana. Ina kan ta biyar na ji an rufe ƙofar mota. Ko goma saura kwata ba ta yi ba.

"Anti Lorna, ina kwana? Me kike yi da duron Baba?"

Corinne ce tsaye da jakar abinci a kowane hannu, da kayan aikinta na kantin magani. Idonta ya sauka a kan robar da ke hannuna. Rubutunta ne a kai: Lahadi, naman kaza.

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe. In ce wutar firij ce ta ɗauke, ko in ce gishiri ya yi yawa. Ta gilashin kicin kuma ina hango Wendell ya miƙe ya dafa taga yana kallona.

"Ba ya ci," na ce. "Mako uku ke nan. Abincin ba ya wucewa."

Ta ajiye jakunkunan a kan ciyawa a hankali. "Kuma kina taya shi ɓoyewa?"

"Yau na sani."

"Yau kika sani, shi ne kika durƙusa kina wanke masa ƙarya?"

Ta wuce ni fuu, na bi ta a baya da robar a hannuna.

"Baba, ni za ka yi wa haka? Ina tsayuwa a kan murhu duk Lahadi, ashe duro nake dafa wa?"

"Ba a yi asara ba. Taki zai zama."

"Taki! Ɗauko rigarka, mota na waje."

"Ba ni zuwa."

"Za ka je, ko da ɗaukarka zan yi."

Ya kama gefen tebur da hannu biyu, irin kamun da yaro ke yi wa ƙofa ranar allura. Muryarsa ta yi ƙasa. "Corinne, can ma ba za su sa abincin ya wuce ba. Na tambaya. Ki bar ni in ga ganyen bishiyar uwarki ya gama zuba, shi ke nan abin da nake roƙo."

Ta dubi taga, inda bishiyar tuffa ke tsaye rabinta ba ganye. Ta ciro makullin mota daga aljihu, ta riƙe shi har yatsunta suka yi fari. Ni dai ina tsaye, miya na ɗiga daga robar zuwa ƙasan da Wendell ke gogewa kullum. Can ta ajiye makullin a kan tebur, ta ja kujera ta zauna, ta fashe da kuka.

Ranar ta kwaso kayanta ta dawo gidan. Aka riƙa turo ma'aikaciyar jinya safe da yamma. Ni kuwa Wendell ya daina min magana. Idan na shiga gaishe shi sai ya juya fuskarsa bango. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, fiye da yadda na zata daga mutumin da nake jin haushinsa.

Talata ta zagayo, na turo durona da nasa bakin titi. Ina juyawa na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. An ɗago masa gado kusa da taga. Corinne ta ɗaga tagar, ta kara kunnenta a bakinsa, sannan ta ɗago tana share ido tana dariya.

"Wai ki juya duron. Mariƙinsa ya kalli gida, ba titi ba. Wai shekara sha biyu yana faɗa miki."

Na juya shi. Ya ɗaga yatsa biyu daga kan bargo.

Ran Asabar da hantsi ya cika, a ɗakin Hazel. Akwai sauran ganye a bishiyar, amma ba yawa.

Talatar da ta biyo baya na share abin da ya zubo a gindinta na zuba a duronsa, na tura shi bakin titi. Desmond ya tsaya, ya sauko daga mota, ya buɗe murfin kamar kullum. Ganye ne, da ɓawon ayabar da Corinne ta ci, an ɓare tambarin. Ya juye. Maimakon ya bar duron inda ya faɗi ya wuce, sai ya turo shi da hannunsa har gindin matakalar Wendell, ya rufe murfin, ya juya mariƙin yana kallon gida.