Hajara Ta Ba Ɗanta Baya

...to me ya sa ya zana ta a zaune? Abin da Aissa ta kasa ganewa ke nan. Ajin ba kowa tukuna, daga ita sai hoton da na'ura ke haskawa a bango. An jima kaɗan ɗalibai za su shigo, ta yi musu bayaninsa. Zanen wani Bature ne na ƙarni na sha bakwai: Hajara da ɗanta Isma'ila a daji, ruwa ya ƙare.

Hajarar da Inna ke ba ta labari a Maraɗi gudu take yi. Safa, Marwa, Safa... ƙafa ba ta huta ba. Wannan kuwa, ta littafin Kirista, ta kwantar da yaron a gindin itace, ta koma gefe ta ba shi baya. Wai kada ta ga mutuwarsa.

Haske. Da haske za ta fara, haka Farfesa ke so. Ku dubi yadda duhu ya cinye rabin zanen, haske ya faɗo daga sama ta hagu, a karkace, ya sauka kan wuyanta, kan salkar da ta bushe, sannan... sannan tafin ƙafar yaron. Da datti. Mai zanen bai wanke masa ƙafa ba. Surajo, ɗan Aissa, ma haka, kullum takalmi a hannu —

"Palu ne, zazzaɓin sauro," in ji Inna a waya da safen nan, Aissa na tsaye a tashar Glenwood, nan ƙasar waje, tana jiran bas. "Mun kwana a likita. Surajo ya daina ci, Aissa. Bari in kunna bidiyon ki gan shi."

"A'a, Inna. Bas ta iso."

Bas ɗin ba ta iso ba.

Launi. Jan zanen Hajara ne kaɗai abu mai ɗumi a hoton, sauran duk ƙasa-ƙasa. Leɓen yaron kuwa... da me ake haɗa wannan launin? Fari da ɗan shuɗi? Wani ya zauna ya dama shi a tsanake, ya ɗiba da bakin buroshi. Ya taɓa gani ke nan. Ba a ƙago irin wannan leɓe.

In ta tafi gida, biza ta mutu, ba dawowa. In ta zauna — don wa ta zo karatun? Don Surajo. Haka ta ce da shi ranar tafiya, yana riƙe da bakin mayafinta, Inna na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Don kai ne.

Mala'ika yana can sama, a kusurwa, ya miƙo hannu yana nuna rijiya. Mu masu kallo muna ganinsa. Hajara ba ta gani, idonta na ƙasa. Dabarar ke nan, za ta ce da su: mai zane ya tsayar da lokaci daf da rahama. Mu mun san ƙarshen labarin. Ita fa? A wurinta ba mala'ika, ba rijiya. Numfashin yaro ne kawai a bayanta, tana ƙirgawa da kunne.

Takun ɗalibai a baranda. Wayar na kife a kan tebur, ta fara rawa. Inna ce, ba sai ta duba ba.

Ashe ba gajiya ce ta zaunar da Hajara ba. Juyowar ce ba ta iyawa. Juya wuya ne... ɗan wuyan nan kawai...

Hannun Aissa na kan wayar. Ya yi nauyi.