Na'urar Adila a Bakin Rijiyata

Rijiyar gonata ta fadama ni na haƙa ta da hannuna. Iyalina daga ita suke sha, masu wucewa zuwa Guri ma suna tsayawa su cika gora. Ba wanda ya taɓa kuka da ruwanta.

Bana jikata Adila ta dawo Hadejia daga jami'a da wata na'ura kamar ƙaramin rediyo. Ta ce malamanta sun aiko ta auna rijiyoyi, wai akwai wani tururi da ido ba ya gani, yana fita daga ƙasa ya shiga ruwa, in ya yi yawa yana cutar da jiki. Ta ce da tawa za ta fara.

Muna isa sai ga Kolo, maƙwabcin gonata, ya tsallako kunya ya tsaya. Ban kira shi ba.

Adila ta kunna abin a bakin rijiya. Ya yi ƙas, ƙas, sannan ya ɓarke da ƙara kamar ana soya gyaɗa.

Kolo ya ce, "Alhaji, ashe guba kake shayar da mu?"

Na ce, "Kai wa ya gayyato ka?"

Adila ta ɗauki na'urar. Ta yi nisa da rijiyar har gindin giginya, abin bai daina ba. Ta zauna, ta buɗe bayansa. A ciki akwai wata siririyar kwalba. Ta ɗauko mita irin ta masu gyaran rediyo, ta ɗora wayoyi biyu a kan kwalbar.

Ta ce, "Kaka, kwalbar nan wuta ɗari huɗu take so. Dubi, ta haura ɗari biyar. In wuta ta yi mata yawa, ihu take yi ko a cikin masallaci ne. Ina jin jijjigar babur ɗin da ya kawo mu ce ta kwance notin nan."

Ta sa ɗan sukuddireba ta murɗa wani ƙaramin noti a hankali, idonta a kan mita. Lambobi suka sauko. Ta rufe, ta koma bakin rijiya. Ƙas. Shiru. Ƙas.

"Ka ji? Ruwanka lafiya lau."

Kolo ya yi dariya. "Lallai jika ta yi rana. Ta murɗe masa wuya ya yi shiru."

Maganar ta ɓata mini rai, domin abin da ke zuciyata ke nan. Na daɗe ina sayar da shinkafa a kasuwar Malam Madori. Na ga masu buga gindin mudu ya shige ciki. Ma'aunin da mai awo ya taɓa da hannunsa, ban yarda da shi ba.

Na ce, "Ke, don ni kika rufe masa baki?"

"Haba angona. Da zan yi maka ƙarya, ai da na ce har yanzu kai saurayi ne."

"Ba wasa nake ba. Ita mitar wa ya auna ta?"

Sai ta ce, "An gwada ta a makaranta kafin in taho."

"Kafin babur."

Sai ta jawo guga, ta ɗebo ruwa, ta kai shi baki. Na riƙe hannunta. Ruwan ya zube mata a zane.

Na ce, "Akwai wata irin wannan na'urar a wurin malamanku?"

"Akwai."

"A kawo ta. Wadda ba a buɗe cikinta ba. Wani ya riƙe, ba ke ba."

"Kaka, mutane za su ce rijiyarka ta lalace."

"Su ce."

Na jawo tsohon kwanon rufi na rufe bakin rijiyar. Na sa Kolo ya kama mini muka ɗora dutse a kai, tunda ya zo kallo. Daga nan na aika gida a fara sayen ruwan garuwa.