Rumbun Iyali

Da Ladan na Dingyadi ya rasu, babu wanda ya zo gaisuwa bai ambaci rumbunsa ba. Mutum ne da fatauci bai taɓa jan hankalinsa ba, aikin Bature bai ruɗe shi ba. Shi dai gonarsa da iyalinsa. Bayan ɗakinsa akwai wani ƙaton rumbun ƙasa, duk kaka ya hau ya ƙara dammunan gero ya liƙe bakin da laka. Yakan ce wannan na iyali ne, na ranar da ta ɓaci.

Hasiya, matarsa, tana cikin takaba tana jin yabon ta bayan zana. Ba ƙarya suke yi ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ladan bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma jikoki a wuyansa suka girma. Sai dai a idonsa ranar ba ta taɓa ɓaci ba. Shekarar fara, suna cin dusa da tafasa, ya zagaya rumbun ya shafa shi ya ce akwai wadda ta fi wannan a gaba. A shekarar nan ce Altine, 'yarsu da aka yaye, ta rasu, kuma ya fi kowa kuka. Lokacin yaƙi masu karɓar hatsin Bature suka zo, ya rungume rumbun ya sha bulala, ko zangarniya bai bayar ba. Har kasuwar Bodinga an yi labarin.

Ga shi ya tafi tsakiyar damina, gero ya yi ciki bai nuna ba, gida ana ɗora tukunya sau ɗaya, wuyan jikoki duk ya zama tsinke. Hasiya ta sa rai yanzu za a buɗe rumbun. Mace ba ta hawa rumbu, sabon maigida kuwa Maniru ne, ɗanta na fari, wanda don kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta tsaya magana da shi. Ta aika ta bakin matarsa Laraba. Amsa ta dawo cewa yadda Baba ya bari haka za a bari.

Sai liman ya ce mutum irin Ladan bai kamata a yi masa sadakar bakwai ta ƙaranta ba. Ai kuwa da safe Maniru ya jingina tsani ya fasa lakar.

Shekara da shekaru Hasiya tana lallashin zuciyarta da cewa wataƙila gara ta daɗe da gamawa da abin da ke ciki. Geron ya fito lafiyarsa ƙalau, ya yi ja don tsufa, ko ƙwaro babu. Aka daka gumba, aka tuƙa tuwo. Malamai suka zo, maɗinka da 'yan kasuwa suka taso tun daga Shagari da Mandera, suka ci suka yi gyatsa suka ce lalle marigayi ya san darajar iyali. Jikoki ma ranar sun ƙoshi, albarkacin baƙi. Hasiya ta kai loma baki, ta tuna Altine, ta ture akushin.

Kashegari ta ji ana kwaɓa laka. Ta fito ta tarar da Maniru gindin tsani, geron kuwa ko rabinsa ba a ci ba.

“Kai, mi kaka yi?”

Ya durƙusa, don bai saba jin muryarta a kansa ba.

“Inna, liƙewa za ni yi. Na iyali na, sai ranad da tab ɓaci.”

Ta dube shi. Har tsayin wuyan na ubansa ne, kuma ta san da zuciya ɗaya ya faɗa.

“Altine ta mutu, ba a buɗe ba. Ubanka ya mutu, an buɗe. To, Allah shi ba ka yawan rai, Maniru. Yaran ga sai su jira taka.”

Ta koma ɗaki. Maniru ya daɗe a durƙushe, lakar tana bushewa a hannunsa.