Usur ɗin Yalwa

Shekarar da fari ya kori mazan Karofane zuwa cin rani, mata ne sunka riƙe aikin jera duwatsu bisa tudu, don a tsai da ruwan da ke cinye gonaki. Namiji ko na magani babu, sai wani ma'aikaci daga Buza, Mushe Hamidu, mai kula da shantiyen, wato wurin aikin, ya rataya wa Yalwa usur a wuya, ya ce ita ce shef, wato shugabar aikin.

Yalwa kuwa ba ta san wasa ba, dutse in ya karkace sai an sake shi. Amma kafin matan nan su bar inuwa sai ta busa, ta sake busawa, ta bi su da roƙo. Sunka laƙaba mata Uwar Masifa. Ko a jikinta, tunda tana da Biba, ƙawarta tun ƙuruciya. Da ɗan Biba ya yi ƙyanda, Yalwa ce ta riƙa kwashe mata rabonta na dutse har yaron ya tashi.

Damina ta zo, jerin ya riƙe ruwa, gero ya yi kyau. Maza sunka dawo, har da Barmo mai agogo da rediyo, wanda bai taɓa ɗaga dutsen nan ba. Da rani ya kewayo sai Mushe ya fara cewa aikin ya girma, baƙi za su zo gani, mata na son namiji mai tsawa. Yalwa ta ce a tambayi matan mana. Wallahi da bakinta ta nema, don ta amince da su.

Anka tara su, kowace ta sunkuyar da kai. Mushe ya ce Biba ta faɗi, ita ce kusa da Yalwa.

"Yalwa ta iya aiki," in ji Biba, tana duban ƙasa. "Amma mu dai, in namiji ne, za mu fi ji."

Yalwa ta cire usur ɗin ta miƙa, Mushe ya rataya wa Barmo. Barmo bai dame ta ba, Biba ce ta ƙona mata rai.

Washegari Barmo ya busa sau ɗaya tak, busar ma ba ta fita da kyau ba, matan nan sunka miƙe zumbur. Yalwa ta tsaya sororo, ba ta zo da gammon ɗaukar dutse ba. Biba ta naɗe wani tsumma ta miƙo mata.

"Yi sauri, ƙawata, kada shef ya yi faɗa."