Filastar Mai Fenti

Shekara talatin da biyar Mai Fenti ya yi yana shaƙar warin fenti, har huhunsa ya riga hannunsa gajiya. Yanzu in ya hau matakala biyar sai ya tsaya ya yi kamar yana duba bango. Bara mura ta kwantar da shi sati biyu a asibiti da robar iska a hanci, shi ya sa bana likita ta ce lallai a yi masa rigakafin mura kafin sanyi ya shigo. Ta ce ƙwayar cutar da ke cikin allurar matacciya ce, ba ta iya sa mura, kuma masu irin ƙirjinsa sun fi kowa bukatarta. Ya ce to. A ransa kuwa cewa yake, ƙirjin da ke toshewa don an fesa turare a ɗaki, ina shi ina allurar mura?

A aikinsa bai taɓa shafa sabon fenti a bangon mutane ba sai ya gwada a bayan ƙofa, ya jira ya bushe. Bayan ƙofar da ya zaɓa wannan karon shi ne amininsa Kafinta, wanda ƙurar katako ta yi wa irin wannan illa, kuma wanda ba ya son a riga shi komai.

Ranar da su biyun suka saba zuwa asibiti duba ƙirji, Mai Fenti ya ɗauko filasta a akwatin maganin matarsa, ya manna a dantse da 'yar auduga, ya zura riga mai gajeren hannu. Matar ta bi shi da kallo ta ce Allah ya sa ba ƙuruciya ce ta dawo ba.

A bencin jira ya zauna ya karkata dantsen wajen Kafinta, yana ɗan tari don a lura. Kafinta ya duba, ya yi murmushi, ya naɗe hannun rigarsa a hankali. Shi ma filasta ce, har ta fi tasa girma.

Daɗi ya kama Mai Fenti, ya shiga tambaya kamar ba da gangan ba. Kafinta ya ce shekaranjiya aka yi masa, cizon sauro ma ya fi ta zafi. Don kada a bar shi a baya, Mai Fenti ya ce shi tasa jiya ce, yana komawa gida ya share kwano biyu. Nan take ya yanke shawarar zai shiga a yi masa da zarar Kafinta ya tafi. Kafinta kuwa ya ƙi tafiya, sai sake ɗaure takalmi yake.

A haka nas ta fito ta same su. Ta dubi dantsen wannan, ta dubi na wancan.

"Baba, wa ya yi muku? Allurar ai sai da safen nan ta iso."

Mai Fenti ya ɗaga kai yana nazarin silin. Kafinta ya ce shi ƙurji ne ya fito masa. Ta ɓare filastocin, fata sumul.

Da dariyarta ta lafa, ta auna zafin jikinsu ta ce ba mai zazzaɓi, saboda haka yau za a yi. Ta ce dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wataƙila da ɗan zafin jiki, amma ba za ta sa musu mura ba. Sai ta tambayi wa zai fara. Mai Fenti, wanda kullum ke taƙama da wata huɗun da ya ba Kafinta, ya ce a gaskiya lissafin nan yana da gyara, Kafinta ne yaya. Nas ta kama hannun da ya fi kusa, aka yi rashin sa'a na Mai Fenti ne, ta yi masa allurar.

Aka ce ya zauna minti goma sha biyar. Ya dafa gwiwa yana sauraron ƙirjinsa. Ɗan ƙugin nan na kullum yana nan, bai ƙaru ba, iska na shiga tana fita. Ya ja dogon numfashi, ya wuce lafiya.

Kafinta ya matso har gwiwarsu na haɗuwa, ya ƙura masa ido.

"Yaya ka ji, babban yaya?"

"Au, yanzu na koma yaya?" in ji Mai Fenti, ya miƙe ƙafa ya lumshe ido. "Ba na ba da labari. Tashi, kai take kira."