Injin Surukin Sabiru

Sabiru ɗan ƙanen babana ne, kafinta a Bunguɗu, kuma tun yana ƙarami na san shi da ciwo ɗaya: bakinsa ba ya iya furta a'a. Ni ma da katako nake cin abinci, a Sabon Gari nan Gusau, shi ya sa da ya ƙwallafa rai a kan wani tsohon inji ya zo har shagona ya ce in raka shi Tsafe in duba masa. Wai injin guda ne amma aikin mutum huɗu yake yi: ya tsaga katako, ya fere shi ya yi sumul, ya huda, ya fitar da gurbin ƙofa.

Na tambaye shi da me zai biya. Ya sosa ƙeya ya ce shanun huɗarsa. Bijimai biyu ne da ya raina tun suna maruƙa, su ke noma hatsin da gidansa ke ci, ga damina ta ƙarato. Sai da mota ta yi nisa sannan ya gaya mini mai injin: Alhaji Haliru, uban matarsa Hafsatu. Da tun a tasha ya faɗa, da ban ɓata ranata ba.

Injin yana wata rumfa a bayan gidan Alhaji, shi kuma Alhajin na tsaye a gefensa yana jiranmu. Tun daga nesa Sabiru ya tuɓe takalmi, ya zo bakin rumfar ya tsugunna, ya kafa wa ƙasa ido. Mutumin da ya zo ganin inji ke nan, ga inji a gabansa, shi kuwa yana ƙirga tururuwa.

An shafa wa abin koren fenti, har warinsa bai gama fita ba. Wanda ya yi fentin bai bar komai ba, noti da bel da haƙoran zarto duk sun zama kore.

"Aikin Turawan da ne wanga, Gambo," in ji Alhaji, yana bubbuga shi da sanda. "Tun ba a haihe ku ba shika aiki. Ba a yin irinai yanzu."

Nan dai bai yi ƙarya ba. Ƙarfe ne na gaske, mai nauyi, irin wanda nake so. Na ce a tayar da shi mu ji kukansa.

"Babu wuta tun shekaranjiya."

"Janareto fa, Alhaji?"

"Shina wurin gyara."

To. Na naɗe hannun riga na juya zarton da hannuna. Yana tafiya yana rangaji, boris ɗin da yake juyawa a kai na ƙara kamar an zuba masa yashi. Na ɗauki ƙusa na kankare fenti a gefen teburin, sai ga tabon walda ya bi tsagewa tun daga wannan baki har wancan. Na ɗora miƙaƙƙen katako a kai na leƙa, haske na wucewa ta ƙasa, gefe ɗaya ya lotsa. Duk ƙofar da aka fere a nan karkatacciya za ta fito. Wuƙaƙen ferewar sun yi giɓi, ɗaya ma da waya aka ɗaure ta, wadda ranar da ta kuɓuce fuskar mai aiki za ta nufa. Na sunsuna kwayil, wato naɗin wayar da ke juya injin, na ji ƙauri. Ga shi kuma babbar wuta mai layi uku yake sha, wadda ba ta taɓa bi ta unguwar su Sabiru ba.

Duk abin da na gani da ƙarfi nake faɗa, don mai shanu ya ji.

"Sabiru, taso ka gani da idonka."

"Na gani, Yaya," ya ce. Ko kansa bai ɗaga ba.

Alhaji bai yi musu da ni ba ko sau ɗaya. Ya san ba ni zan saya ba. Sai ya juya wajen wanda ke tsugunne, ya sassauta murya.

"Sabiru, ran da nib ba ka ɗiyata, ban kirawo kowa ya kankare ka da ƙusa ba. Yau kai ka kawo mani mai bincike har gida. Kana ganin ni zan cuce ka?"

"Subhanallahi. A'a, Baba."

"In ba ka so, a bari. Akwai masu nema."

"Ina so, Baba."

Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Duk juye-juyen da na yi da baƙin man da na kwasa a hannu sun tashi a banza.

Na ja Sabiru waje, raina a ɓace, na ce ko ya haukace ne. Ya ce, "Yaya, mi zan ce ma Hafsatu? In ce ubanta ya so cutata? Da wane ido zan shigo gidan ga da salla?" Na ce ya fake da rashin wuta mana. Ya ce ai Baba ya ce ana nan kawowa. Na ji kamar in mare shi, na kuma ji tausayinsa, haushin dai ya fi yawa.

Da muka koma, Alhaji ya yi wani karamcin. Ya ce ba sai an wahalar da yaro zuwa kasuwa ba, a kawo masa shanun kawai ya karɓa a haka. Sabiru ya ƙara duƙawa ya yi godiya. Da kunnena na ji.

Aka kai injin Bunguɗu ya cinye rabin shago. Sau ɗaya aka yi hayar babban janareto aka tayar da shi, ya yi gurnani, ya tsaga rabin katako a karkace, ya yi hayaƙi ya mutu. Sabiru ya koma wa zartonsa na hannu, a ɗan lungun da ya rage masa.

Da ruwa ya sauka, Alhaji ya aiko. Wai shanun sun ƙi bin 'yan ƙwadagonsa, sun ƙi jan garma, Sabiru ya zo ya riƙa tunda shi suka sani. Suruki ya kira, ai sai tafiya.

Ina dawowa daga ɗauko katako na hango shi a gonar Alhaji ta Kucheri, ƙafa duk laka, yana bin bijiman yana kiransu da sunayen da ya raɗa musu. Tafiya suke lafiya lau, kunya na fita a miƙe. Na sa direba ya tsaya, na ƙwala masa kira ya zo bakin hanya.

"Taka gonar fa?" na ce. "An ce ciyawa ta rufe ta."

Ya share gumi da bayan hannu. "Baba ya ce in an gama tashi gonar da ta ƙanenai, zai ara mani su."

Yana murmushi ya faɗa, irin na wanda aka yi wa alheri. Sannan ya ce in yi haƙuri, bari ya koma, kar Baba ya zo ya tarar da shanunsa a tsaye.